Tambayi Sista: Magungunan da Ake Sha da Agogo a Hannu

Assalamu alaikum, masu karatu. Cikin wasiƙun wannan wata na ware guda biyar. Masu su ba su san juna ba, ciwonsu ma ba ɗaya ba ne, amma magungunan da suke tambaya a kai duk dangi ɗaya ne, shi ya sa na haɗa su wuri guda.

A jikin ɗan Adam akwai wani sinadari da ake kira asetilkolin. Ɗan aike ne: jijiya ke tura shi wurin tsoka ya ce mata ta motsa, wurin hanji da mafitsara ya ce su matsa, wurin zuciya ya ce ta sassauta, wurin baki da fata ya ce su saki miyau da zufa. Da zarar ya isar da saƙo, wani sinadarin sai ya rushe shi nan take. Magungunan da za mu yi magana a kansu ko dai suna yin irin aikinsa, ko kuma suna hana a rushe shi da wuri. Matsalar ita ce ba sa zaɓen inda za su yi aiki. An ba ka don ido ko don tsoka, amma hanji da zuciya da huhu duk sai sun ji. Kamar kullum, na ɓoye sunayen masu wasiƙa.

Sista, ƙanwata mai shekara 27 likita ya ce tana da mayasteniya, ciwon da ke sa tsokar jiki kasala. Fatar idonta na faɗowa, da yamma ko tauna ba ta iyawa. An ɗora ta a kan Mestinon, ƙwaya ɗaya sau huɗu a rana, ta samu sauƙi sosai. Kwanan nan kasalar ta dawo, sai Mama ta ce a riƙa ba ta biyu-biyu. Yanzu ga murɗawar ciki, ga gudawa, miyau na zuba, naman hannunta na rawa, ƙarfin kuma bai dawo ba. Mu ƙara ne? Kuma za ta iya azumi?
*Daga wata baiwar Allah a Gusau*

'Yar'uwa, kada ku ƙara ko rabin ƙwaya. Ku bar biyu-biyun nan, ku koma abin da likita ya rubuta, kuma ku kai ta wurinsa gobe-goben nan, ba sai ranar da aka rubuta mata a kati ba. In kuwa a yanzu da kike karanta wannan tana shan wahalar numfashi, ko ruwa na shaƙe ta, ko ba ta iya ɗaga kanta daga matashi, to ajiye mujallar ki nemi mota zuwa sashen gaggawa.

Ban ga laifin Mama ba. Duk uwar da ta ga magani ya tashi 'yarta, in ta ga ta sake kwanciya, abin da zai zo mata a rai shi ne maganin ya yi kaɗan. Da farasitamol ma haka mutane ke yi. Sai dai wannan magani yana da wani hali da ya sa muke tsoronsa a asibiti: ƙarancinsa na kawo kasala, yawansa ma na kawo kasala. In asetilkolin ya yi wa tsoka yawa, sai ta daina amsawa gaba ɗaya, har tsokar da ke jan numfashi. Mai kallo daga waje zai ga mutum ɗaya ne kwance ba ƙarfi, bai san ko ciwon ne ya tashi ko maganin ne ya wuce kima ba.

Abin da ke ɗan bambanta su shi ne ruwan jiki. Wanda magani ya yi wa yawa a jiƙe za ki gan shi: miyau, hawaye, zufa, majina a ƙirji, gudawa, fitsari akai-akai. Ɗan ɗigon baƙin da ke tsakiyar idonsa ya tsuke, bugun zuciya ya yi ƙasa, naman jiki na ɗan tsalle a ƙarƙashin fata, kuma kasalar takan ƙaru kamar awa ɗaya bayan shan ƙwayar. Wanda ciwon ne ya tashi masa, kasalarsa takan fi yawa lokacin da maganin ya kusa ƙarewa a jiki, ta ɗan lafa bayan ya sha. Abin da kika lissafa min ya fi kama da na farkon. Amma ban ce ku yanke hukunci a gida ba, domin mu da ke bakin gado ma wani lokaci sai an yi gwaji muke rabewa, kuma akwai wanda duka biyun ke haɗuwa masa.

Tambayar da ya kamata a yi tun farko ita ce: me ya dawo da kasalar? Mai mayasteniya ba kasafai yake lalacewa haka kawai ba. Mafi yawa za ka tarar da zazzaɓi, ko mura da ta sauka ƙirji, ko ciwon sanyin fitsari, ko juna biyu, ko tsananin zafin bazara, ko wani magani da aka sayo a kemis. Na ƙarshen nan shi ya fi damuna. Allurar jentamaisin, wadda ake yi wa mutane kamar ruwan sha, tana iya kwantar da mai wannan ciwo. Haka sifuro da ake sha saboda taifot, da azitiromaisin, da kwinin, da kulorokwin, da wasu magungunan hawan jini irin su atenolol da furofanolol. Ki tuna ko ta sha ɗaya daga cikinsu a makonnin nan, ki faɗa wa likita. Sannan ki samo ɗan kati ki rubuta sunan ciwonta da sunan maganinta da lokutan sha, ta riƙa yawo da shi a jaka. Duk wanda zai ba ta magani, ko na maleriya ne, a nuna masa katin kafin ya buɗe kwali. Ranar da Allah ya ba ta ciki, a faɗa wa masu awo tun zuwan farko, saboda allurar maganiziyam da ake yi wa mai jijjigar haihuwa tana da haɗari ƙwarai gare ta.

Yanzu ga aikinki na mai jinya. Ƙwayar Mestinon, mai miligiram 60, tana fara aiki bayan kamar rabin awa zuwa minti 45, ta riƙe mutum awa uku zuwa huɗu. Don haka a ba ta kafin abinci da kamar minti 30 zuwa 45, yadda lokacin tauna zai dace da lokacin ƙarfinta. In tana tayar mata da zuciya, ta haɗa da ɗan biskit ko kurɓin madara. Ki sa ƙararrawa a waya. "Sau huɗu a rana" ba ya nufin duk sanda aka tuna. Jinkirin awa ɗaya ya isa ya hana ta haɗiyar ƙwayar ita kanta. In an manta guda, kada a haɗa biyu don ramuwa. Ta ci abinci a zaune sosai, loma ƙanana, abu mai laushi kamar fate ko tuwo da miya mai yauƙi, a bar kilishi da ƙashin kaza. Babban abincinta ya zama da safe ko da rana, ba da dare ba. Wanki da girki da zuwa kasuwa, duk a ja su zuwa hantsi.

Ki sami littafi ki riƙa rubutawa: ƙarfe nawa ta sha, ƙarfe nawa ido ya fara faɗowa, sau nawa ta zaga, bugun jininta nawa a minti. Kullum da safe ta ja numfashi ɗaya ta ƙirga da ƙarfi, ɗaya, biyu, uku, har ya ƙare. In ta saba kaiwa 30 sai yau ta kasa kaiwa 20, wannan maganar asibiti ce ko da tana dariya. Da irin wannan littafi likita ke gyara awo. Wani lokacin ma ba ƙari ake buƙata ba, matso da lokutan kusa da juna ne, ko ƙara wani magani daban kamar firednisolon, domin Mestinon ba ya warkar da tushen ciwon, alamomi kawai yake dannewa. Tushen shi ne garkuwar jiki da ke kai wa mahaɗar jijiya da tsoka hari. Ba sammu ba ne, ba kuma son jiki ba ne, ko da dangin miji sun ce haka.

Ƙwayar tana shan danshi, ta yi laushi ta farfashe. Ku bar ta a kwalbarta a rufe da ɗan ƙullin nan mai shanye danshi da ke ciki, musamman da damina, kada a juye ta a leda. Kuma ku sayi na gaba tun saura na mako biyu, don ba kowane kantin magani ke ajiye ta ba.

Azumi kuwa, wadda ke buƙatar ƙwaya duk bayan awa huɗu, kuma jikinta bai daidaita ba, ni ban ga yadda za ta yi awa 13 ko 14 ba magani ba. Addini ya yi wa marar lafiya rangwame. Likita ya faɗi halin jikinta, malami ya faɗi ko ramuwa ce ko ciyarwa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a tattara ƙwayoyin yini a shanye da sahur.

Sista, mahaifinmu ya haura 78, mantuwa ta kama shi har ba ya gane hanyar masallaci. An ba shi Aricept wata biyu da suka wuce. Tun da aka mayar da shi miligiram 10 ya rage cin abinci, yana mafarkai masu firgitarwa, fitsari na kufce masa, sau biyu kuma ya yanke jiki ya faɗi a banɗaki. Wani abokina ya ce in sayo masa maganin tsayar da fitsari. Yana shan maganin hawan jini.
*Daga wani ɗan kasuwa a Maraɗi*

Ɗana, Allah ya saka maka da alheri da kula da Baba. Cikin duk abin da ka faɗa, faɗuwar nan ce ta fi ɗaga min hankali, ba fitsarin ba. Donefezil, wanda shi ne sinadarin da ke cikin Aricept, yana rage gudun zuciya. In tsoho yana shan maganin hawan jini daga dangin atenolol ko bisofurolol, waɗanda su ma aikinsu ke nan, sai biyun su haɗu su ja zuciya ƙasa har jini ya kasa kaiwa kai. Tsoho in ya faɗi ya karya ƙugu, sau da yawa ba ya sake tashi daga wannan kwanciya.

Yau ɗin nan ka ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa ta gefen babban yatsa, ka ƙirga minti ɗaya cur. In bai kai 50 ba, ko yana tsallake, kada ka ba shi na daren yau, ka kai shi asibiti. In yana tsakanin 50 da 60 ga kuma tarihin faɗuwa, shi ma a dakata har likita ya gan shi. Ko da ya fi haka, a kai shi cikin makon nan a yi masa hoton bugun zuciya. Ka zuba duk magungunan da yake sha a leda ɗaya, har da na gargajiya da na ɗigon ido, ka tafi da su. Kada ka dogara da abin da ka haddace.

Shawarar abokinka kuwa, ka gode masa ka bar ta. Maganin tsayar da fitsari irin oksibutinin kishiyar donefezil ne kai tsaye: wannan na ƙara asetilkolin, wancan na toshe shi. In ka haɗa su ka sayi magani biyu don su kashe juna, kuma ruɗewar Baba ta ƙaru. Wannan kuskure har a takardar asibiti ina ganinsa, inda likita ɗaya ya rubuta na mantuwa, wani daban ya rubuta na fitsari, ba wanda ya duba takardar ɗan'uwansa. Haka Piriton da ake ba tsofaffi don su yi barci, da Buscopan, da amitiriftilin, duk suna ruɗa mai ciwon mantuwa. Magungunan ciwon gwiwa irin daikulofenak da ibufurofen kuma, in sun haɗu da donefezil, haɗarin gyambon ciki da zubar jini na ƙaruwa. In ka ga bayan gidansa ya yi baƙi ƙirin, kada a jira.

Yawancin abin da ka lissafa sun biyo bayan ƙarin awo ne, kuma sananne ne. Ana farawa da miligiram 5 na aƙalla wata guda kafin a hau 10, kuma akwai tsofaffin da 5 ɗin ce iyakarsu. Likita na iya mayar da shi can. Mafarkai sukan ragu in an mayar da shan ƙwayar safe maimakon dare, ka tambaya. Fitsari kuma, a riƙa raka shi banɗaki duk bayan awa biyu zuwa uku tun kafin ya matsu, a rage shayi da yamma, a bar fitila a kunne a hanya, a ajiye masa fo kusa da gado. In zai tashi, ya fara zama bakin gado na ɗan lokaci. Ku auna nauyinsa duk wata, don ramar tsoho a hankali take zuwa, mutanen gida su ne na ƙarshen lura.

Mutum ɗaya ne zai riƙe maganin. A gidan da ke da mata da 'ya'ya da jikoki, kowa na son lada, sai a ba tsoho ƙwaya ɗaya sau uku, shi kuma ba zai tuna ya ce ya sha ba. In aka canza masa zuwa irin wanda ake mannawa a fata, ribastigimin, a cire na jiya kafin a manna na yau, a canza wuri, a rubuta kwanan wata a jikinsa da biro. An sha samun tsofaffi da uku ko huɗu manne a baya suna ta amai.

Gaskiyar da ba kowa ke faɗa wa iyali ba: wannan magani ba ya mayar da Baba yadda yake a da. Wasu yana ɗan riƙe su na watanni ko shekara ɗaya zuwa biyu, wasu ba a ganin komai. In an yi wata uku zuwa shida ba wani canji sai wahala, ba rashin tausayi ba ne ka tambayi likita ko ya cancanci a ci gaba.

Hajiya Sista, ina da hawan jinin ido. An ba ni wani ɗigo mai suna filokafin. Duk sanda na ɗiga sai goshina ya yi ciwo, gari ya yi min duhu. Ni kuwa direban adaidaita sahu ne. In daina?
*Daga wani magidanci a Kano*

Malam, kada ka daina da kanka. Hawan jinin ido ba ya ciwo a yawancin mutane, yana cin gani ne daga gefe a hankali, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Duhun da kake gani aikin maganin ne: yana tsuke ƙofar da haske ke shiga ido. Ciwon goshin yakan lafa bayan mako ɗaya ko biyu. Amma tuƙi daga magariba zuwa dare, ka bar shi muddin kana kan wannan ɗigo, don ran fasinja na hannunka. Ka koma asibitin ido ka faɗi sana'arka ƙarara. Yanzu akwai wasu ɗigon da ba sa tsuke ido, kuma su aka fi farawa da su, sai dai in irin naka ciwon ne ya sa aka zaɓi wannan.

In za ka ɗiga, wanke hannu, ja fatar ido ta ƙasa, ɗigo ɗaya ya isa, kada bakin kwalba ya taɓa ido. Rufe idon ka danna kusurwar da ke jikin hanci na minti ɗaya zuwa biyu, don kada maganin ya gangara maƙogwaro ya shiga jiki ya sa ka zufa da murɗawar ciki. In ɗigo biyu kake amfani da su, bar minti biyar tsakani. Kwalbar da ta yi mako huɗu a buɗe a yar da ita. In kana da asma, ka faɗa. In ka fara ganin walƙiya a cikin ido, ko baƙaƙen abubuwa na yawo da yawa farat ɗaya, ko wani labule ya rufe gefe guda, ka je a ranar.

Sista, ni ɗaliba ce a makarantar koyon aikin jinya, shekara ta biyu. Na haddace illolin neyostigimin don jarrabawa, amma in na tsaya gaban majinyaci ban san da me zan fara ba.
*Daga wata ɗaliba a Zariya*

'Yata, fara da hannunki da kunnenki. Kafin ki ba kowane magani na wannan dangi, ƙirga bugun jini, auna hawan jini, saurari ƙirji, saurari ciki, tambayi yaushe ya yi fitsari da bayan gida. In bugun bai kai 60 ba, sanar da likita kafin ki bayar. Tambayi asma, gyambon ciki, farfaɗiya, ciwon zuciya. Sannan tambayar da ɗalibai ke tsallakewa: akwai toshewa? Magani ne mai sa hanji da mafitsara matsawa, to in hanya a toshe take, ko hanji ya murɗe, ko kumburin furostet ya tare fitsari, ko an ɗinke hanji bai daɗe ba, matsawar ɓarna za ta yi.

Kada ki ja neyostigimin, ɗan'uwan Mestinon, a sirinji sai kin ga atirofin, maganin da ke karya yawancin illolinsa, da idonki, kin duba kwanan watan lalacewarsa, kin tabbatar injin zuƙe majina na aiki, iskar oksijin na kusa. A ɗakin tiyata, idan za a farfaɗo da tsokar da aka sassauta, babba akan ba shi miligiram 2.5 tare da atirofin 1.2 ko gilaikofairolet 0.5, don kada zuciya ta yi ƙasa. Ki riƙe wannan da kyau: atirofin na busar da majina, ya ɗaga zuciya, ya tsayar da gudawa, amma ba ya dawo da ƙarfin tsokar numfashi. Majinyaci na iya bushewa tas, bugunsa ya yi kyau, numfashinsa na raguwa. Ki ci gaba da kallon ƙirjinsa.

Awon baki da na allura ba ɗaya ba ne, tazararsu ma babba ce. Neyostigimin miligiram 15 ta baki daidai yake da kamar rabin miligiram ta jijiya. Duk sanda aka ce majinyaci ba ya iya haɗiya a mayar masa allura, ku biyu za ku duba lissafin. Kuma mai mayasteniya da aka kwantar a ɗakinki ba ya jiran zagayen magani na kowa da kowa. In nasa ƙarfe shida ne, ƙarfe shida ne, ko da ana miƙa aiki. Betanikol kuwa, wanda ake ba wanda fitsari ya ƙi fita bayan haihuwa ko tiyata, a ba shi ciki ba komai, awa ɗaya kafin abinci ko biyu bayansa, a ajiye fo kusa, a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita.

Tunda ke ɗaliba ce, bari in ƙara miki abin da malamai ba sa tsayawa a kai. Kakan waɗannan magunguna daga Najeriya ya fito. Wani wake ne mai dafi da ke fitowa a yankin Kalaba, wanda mutanen Efik ke ba wanda ake zargi da maita: in ya amayar ya tsira, an wanke shi, in ya mutu an ce laifinsa ne. Turawa suka kai shi Turai, a 1864 aka fitar da sinadarin fisostigimin daga cikinsa. A 1934 wata likita, Mary Walker, a wani asibiti da ke Landan, ta lura cewa mayasteniya ta yi kama da aikin wata guba mai kashe ƙarfin tsoka da ake kira kurare, wadda fisostigimin ke karyawa, sai ta gwada shi a kan wata majinyaciya, fatar idonta ta ɗaga. Mestinon ɗin da ƙanwar mai wasiƙar farko ke sha daga wannan layi ya biyo.

Sista, yaron maƙwabciyata ɗan shekara uku ya sha fiya-fiya da aka zuba a robar lemo. Aka ɗura masa manja da madara, aka sa masa yatsa ya yi amai, sannan aka kai shi asibiti. Allah ya yi da sauran kwana. Amma nas ta yi musu faɗa sosai. Me ya kamata a yi?
*Daga wata uwa a Bauci*

'Yar'uwa, Allah ya ƙara masa lafiya. Na sa wasiƙarki a nan ne saboda fiya-fiya da wasu da yawa daga cikin magungunan kashe ƙwarin gona aikinsu ɗaya da magungunan da muka yi magana a kai, sai dai su in sun kama sinadarin da ke rushe asetilkolin ba sa saki da wuri. Alamomin su ne dai waɗancan, amma da ƙarfi: kumfa a baki, ido ya tsuke, zufa, gudawa, ƙirji na kurari, jijjiga. Abin da ke kashewa shi ne majina ta cika huhu, tsokar numfashi kuma ta gaza.

Nas ɗin tana da gaskiya, ko da ta faɗa da zafi. Manja da madara ba sa karya wannan guba. Yaron da hankalinsa ya fara gushewa, duk abin da aka ɗura masa huhu yake iya tafiya. Amai na dole kuma ya fi muni, don yawancin irin wannan guba a cikin wani mai kamar kananzir aka narkar da ita, in ta dawo ta shiga huhu sai ta ƙone shi. Ga kuma lokacin da aka ɓata ana neman manja a maƙwabta.

Abin yi kaɗan ne. Fitar da shi iska. Sa leda a hannunki ki tuɓe masa kayan da suka jiƙe, ki ɗaure su a wata leda, ki wanke fatarsa da sabulu da ruwa mai yawa, don gubar na shiga ta fata, har jikin mai ɗaukarsa. In ta shiga ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta na kamar minti 15. Kwantar da shi ta gefen hagu, kai ya ɗan yi ƙasa, miyau ya zubo waje. Kada a ba shi komai ta baki. A ɗauki robar ko kwalbar a tafi da ita asibiti mafi kusa, a kan hanya wani na kallon numfashinsa. A can za a yi ta ba shi atirofin har ƙirji ya bushe, wani lokaci da yawan da zai ba mai kallo tsoro, kuma daidai ne. In akwai firalidoksim, wani maganin karya wannan guba, likita na iya haɗawa.

Ku faɗa wa uwar yaron kada ta matsa a sallame su don ya farka ya nemi abinci. Akwai kasalar da ke dawowa bayan kwana ɗaya zuwa huɗu, ta kama wuya da numfashi, mutum yana cikin hayyacinsa. In kuma babba ne ya sha da gangan, bayan an ceto shi yana buƙatar likitan ƙwaƙwalwa da wanda zai saurare shi, ba gori da taron dangi ba.

A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da irin su Sniper a kasuwanni da manyan kantuna, amma har yau ana tallar ruwan fiya-fiya a kwalaben da ba rubutu, ana fesa shi a ɗakin kwana a rufe ƙofa da yara a ciki, ana zuba shi a buhun wake. Saboda ragowar wannan sinadari ne Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen wakenmu a 2015. Ga sauro akwai gidan sauro mai magani, ga wake akwai buhun nan mai leda biyu a ciki da ke kashe ƙwari ba tare da an zuba komai ba. In dole sai an ajiye maganin feshi a gida, ya zauna a kwalbarsa ta asali, a sama, a kulle, nesa da madafa. Mai feshi a gona kuma ya rufe hanci da jiki, ya bar iska ta bayansa, kada ya ci goro ko ya sha taba yana aiki, ya yi wanka kafin ya ɗauki yaro, kayansa kuma a wanke su daban.